Mutum Na Goma Sha Huɗu

"Ƙarya ne!" Kobus ya daki teburin har kwalaben fenti suka yi ƙara. "Shekara arba'in da ɗoriya suna ce mana ƙarfen da ake zuba robar sojojin a cikinsa ya fashe. Yau kuma an wayi gari ya warke da kansa?"

"To ni na rubuta?" in ji Faizel tela, yana tura masa waya ƙarƙashin hanci. "Ga shi nan har da hoton kwalin. Sa tabarau ka karanta, in ka iya karatun."

Asabar ɗin farkon wata ce, ranar da ƙungiyar masu fentin 'yan sojojin roba ta garin Kimberley, can kudancin Afirka, take zama a ɗakin bayan zauren coci. Su tara ne, ƙaraminsu ya ba hamsin baya. Labarin da ya hargitsa su kuwa shi ne wani kamfani na Ingila zai sake buga Sojojin Hamada, 'yan mutanen nan masu gajeren wando da hular kwano waɗanda tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba, waɗanda aka daina yi tun mutanen ɗakin suna da gashi a ka.

Kowa ya san abin da ke cin Kobus. Yana da murfin kwalin na asali, murfin kaɗai, ya sa shi a firam ya rataye a falo, sai kuma hafsa guda ɗaya wanda kare ya tauna wa ƙafa. Da waɗannan biyun yake taƙama tun da aka san shi.

"Za ku gani," in ji shi. "Ƙarfen ya tsufa. Fuskokin za su fito kamar sabulun da aka yi wata guda ana wanka da shi. Ba ma a Ingila za a zuba su ba. Duba ƙasan rubutun, sabuwar shekara za a buga musu a ƙarƙashin ƙafa."

"Kai dai ka ce murfinka ya koma murfi," in ji Faizel.

Aka kwashe da dariya. Ana cikin dariyar ne wata siririyar murya ta fito daga wajen taga.

"Yaushe za su iso?"

Basil Damons ne, yana zaune cikin kwat duk da zafin da ake yi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Faizel ya sake duba wayar, ya ce ta jirgin ruwa za su zo, daga tashar jirgin a kai su babban shago, daga can a turo su nan. Mako goma, in an yi sa'a.

"Sa min kwali ɗaya."

Kowa ya juyo ya dube shi. Babu wanda bai ji abin da likita ya faɗa wa Basil ba.

"Me kuke kallona?" in ji Basil. "Likita mako shida zuwa takwas ya ba ni. Zan koma in nemi ƙari. Ai yaron kirki ne."

A ƙarshen teburin, maƙwabcinsa Neville Ruiters yana riƙe da rabin koeksister, soyayyiyar fulawar nan mai zaƙi, zumar tana bin yatsunsa. A duk faɗin ɗakin, shi kaɗai ne bai ce uffan a kan Sojojin Hamada ba, alhali kuwa shi kaɗai ne yake da cikakken kwalinsu na asali, ba a ko yage ledarsa ba, yana kwance a cikin silin ɗin gidansa shekara goma sha biyu.

Neville ba mugu ba ne, aƙalla haka yake gaya wa kansa duk safiya idan yana aske gemu. Ma'aikacin ofishin ruwa ne, mai zuwa coci, mai kai maƙwabta asibiti a motarsa. Matsalarsa ɗaya ce, kuma katanga ɗaya ta raba su. Shi ne ma ya jawo Basil cikin harkar. Basil ya yi ritaya daga gyaran jirgin ƙasa, ya rasa abin yi, ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Maƙwabci, wai wasan yara kake yi?" Neville ya ara masa burushi ɗaya da fenti kala uku, don dai ya ga wahalar abin ya daina raini. Shekara ta zagayo, Basil ya ɗauke kofin ƙungiya. Daga nan ya ɗauke shi sau goma sha ɗaya. Neville kuwa ya tara takardun yabo na wanda ya zo na biyu har tara, har sunan ya bi shi. Na Biyu suke ce masa. Burushin ma ba a dawo masa da shi ba.

Fuska ce ta raba su. Sojan Basil idan ka kalle shi sai ka rantse ya kwana bai yi barci ba, yana tunanin gida. Na Neville kuwa, duk da farin ido da baƙin ido da yake ɗiga musu da tsinken allura, kullum fitowa suke kamar an taka musu ƙafa.

Sannan ga babban aikin. Basil yana da wani tsohon hoto na mahaifinsa a yaƙin hamada, can arewacin Afirka: mutum goma sha huɗu tsaye gaban wata babbar mota, masu ɗaukar waɗanda aka ji wa rauni, babu mai bindiga ko ɗaya a cikinsu don ba a ba su ba. Babu kamfanin da ya taɓa buga irinsu, saboda haka Basil ya ɗauki alkawarin zai yi su da kansa. Sai ya sami sojan hamada, ya yanke bindigar da reza, ya tsoma hannun a ruwan zafi ya lanƙwasa, ya mai da fatar irin ta mutanensu. Na wasu kamfanonin ba sa yi, ƙattai ne, idan ka jera su da waɗannan sai ka ce uba da ɗa. Daga gwangwanin yarintarsa da kasuwannin gwanjo ya haɗa goma sha ɗaya. Saura uku. Ya rubuta wasiƙu har ƙasashen waje, bai samu ba.

Neville ne ya samu. Aiki ya kai shi garin Bloemfontein, ya tarar da kwalin a kasuwar gwanjo, a teburin wata tsohuwa, tsakanin fitilar da ba ta aiki da tsofaffin cokula. Allah ya sani don Basil ya saya. Rabin hanya yana murmushi, yana hango yadda mutumin zai rungume shi. Ɗaya rabin kuma ya fara hango aikin idan ya kammala, da yadda za a zo daga wasu garuruwa a kalla. Da ya iso gida sai ya tarar da Basil a bakin katanga yana goge kofin shekarar da tsumma.

"Na Biyu, ka dawo? Ka samo mana wani abu?"

"Babu komai," in ji Neville. "Tarkace ne kawai."

Mako guda ya yi niyyar ɓoye kwalin.

Ranar taron ƙungiyar nan na Asabar, Neville ne ya mai da Basil gida kamar kullum. A hanya Basil sai surutu yake kamar yaron da aka yi wa alkawarin keke.

"Ka ga ikon Allah? Ashe zan gan su. Shigo ka ga wurin da na bar musu."

Neville ya san wurin sarai, amma ya bi shi cikin garejin. Allon yana kan benci, an lulluɓe shi da tsohon zanen gado. Basil ya yaye. Ga yashin, ga motar da ƙura a tayoyinta, ga mutum goma sha ɗaya, mahaifin Basil na uku daga hagu, ya ɗan karkata kai kamar yadda Basil kansa yake yi. A gefen dama akwai da'ira uku da aka zana da fensir a kan yashin.

"Wannan Kofur Swarts ne, wannan direban ne. Na ƙarshen nan ban san sunansa ba. Baba ya rubuta sunan kowa a bayan hoton ban da shi. Ka gan shi, rabin kafaɗarsa ma ba ta shiga hoton ba." Ya yi tari mai tsawo, ya dafa bencin. "Mako goma. Kana ganin zan kai?"

"Haba, me zai hana?" in ji Neville, yana kallon fuskar mahaifin Basil. Ko a wannan lokacin, abin kunya, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne: wai yaya yake yin fuskar nan?

Ranar Lahadi bayan coci ya jingina tsani ya cusa kai cikin silin. Kwalin na nan inda ya bar shi, kusa da tankin ruwan zafi, a naɗe cikin tsohuwar rigar sanyi. Yana saukowa ya tarar da matarsa Glenda a gindin tsanin, hannu a ƙugu.

"Mene ne wannan?"

"Tsohon kaya ne."

Ta karɓa ta warware. Glenda ba ta san komai a harkar roba ba, amma shekara goma sha biyu tana jin Doreen matar Basil tana zancen mutum ukun nan a kan igiyar shanya. Ta dubi hoton kwalin, ta dube shi.

"Neville Ruiters. Tun yaushe?"

"Bai daɗe sosai ba."

"Rigar nan tun bikin ƙanwata nake nemanta."

Ta miƙo masa kwalin.

"Ɗauki ka kai masa yanzu."

"In ce masa me? In ce ga shi, na manta ne? Gobe duk ƙungiya ta ji. Kobus zai sa ni a firam ya rataye kusa da murfinsa."

"Mutum yana mutuwa, kai kana tunanin Kobus."

"Ai sababbin suna hanya. Wa ya sani, ƙila jirgin ya yi sauri."

"Allah ya shirye ka," in ji ta. Ta tafi da rigarta, ta bar masa kwalin.

Jirgin bai yi sauri ba. Neville ya yi mako uku yana kai kwalin bakin ƙofa yana dawowa da shi. Ya yi tunanin jefa shi ta kan katanga. Ya yi tunanin aika shi ta gidan waya ba suna, sai ya tuna ma'aikaciyar wurin 'yar ƙanwar Faizel ce. A cikin makonnin nan aka kawo wa Basil tukunyar iska mai roba a hanci, aka sauko da gadonsa falo don ya riƙa ganin titi, ya daina zuwa gareji. Glenda kuwa ta daina sa wa Neville sukari a shayi, ba ta kuma ce masa don me ba.

Dabarar ta zo masa ne wata Talata da safe, ya kuma ji daɗinta ƙwarai, don ya ɗauka mai wayo ce. Ya yage ledar, ya cire sojojin daga sandunan robar da suke manne, ya zuba su a ledar burodi. Kwalin kuma, wanda Kobus zai iya ba da haƙoransa na gaba a kansa, ya yayyaga shi ya cusa ƙasan kwandon shara.

Doreen ce ta buɗe masa. Basil yana jingine da matasai uku, an ɗora masa faranti a cinya, shayin ya huce bai sha ba.

"Na Biyu! Kwana biyu. Na ce ko ka fara zaman makokina ne tun yanzu."

"Albishirinka," in ji Neville, da murya mai ƙarfi fiye da yadda ya shirya. "Ɗan wan Glenda ya dawo daga Landan jiya. Can sun riga sun fito. Na ce ya riƙo mana ta jirgin sama. Kwalin ne ya ce ya cika masa jaka, ya yar."

Ya zazzage ledar a kan farantin. Sojoji arba'in da wani abu suka zube, masu launin yashi, wasu a kife, wasu suna auna silin da bindiga.

Basil ya sa yatsa ya tona, ya zaro ɗaya mai tafiya. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya bi gefen wandon da farce, ya kai shi kusa da hanci. Sannan ya yi abin da duk ɗan ƙungiya yake yi idan an miƙa masa soja, abin da Neville da kansa ya shekara ashirin yana yi wa kayan mutane: ya juya shi ya dubi ƙarƙashin ƙafarsa.

Nan take Neville ya gane kuskurensa. Ya yi tunanin kwali, ya yi tunanin leda, ya ƙirƙiro wa Glenda ɗan wa har da sunan unguwarsa a Landan, amma ya manta da ɗan faifan da sojan yake tsaye a kai. Daga inda yake yana iya hango ƙananan haruffan: sunan Ingila, da tsohuwar shekarar.

Basil ya daɗe yana kallo. Tukunyar iska tana ta huci a gefen gado. A waje wani yana tallan lemo da lasifika.

"Doreen," in ji shi, "duba min aljihun benci na biyu, ki kawo min sanfefa. Mai laushin."

Ta kawo. Ya shimfiɗa ta a kan farantin, ya ɗora ƙafar sojan, ya fara gogawa a hankali, gaba da baya. Idan ya gaji ya huta, ya ci gaba. Da ya gama ya hure garin, ya duba, wurin ya yi sumul. Ya zaɓi na biyu, ya zaɓi na uku, ya yi musu haka. Sauran ya tattara su cikin ledar ya miƙa wa Doreen.

"Ki adana waɗannan inda ba mai gani. Yaran ƙungiya za su zo ranar Asabar, hannunsu ba ya zama wuri ɗaya."

"Basil," in ji Neville, "maganar kwalin nan..."

"Jirgin sama akwai sauri," in ji Basil. "Je ka ɗauko reza da gam. Ka ce wa Doreen ta dafa ruwa. Hannuna ba zai iya yankan ba, kai za ka yi."

Neville ya tafi garejin yana jin kamar an tuɓe shi a kasuwa. Da an zage shi, da ya san abin da zai yi da zagin. A bakin bencin ya tsaya, ya ga tsohon burushinsa a cikin gwangwani, gashinsa saura kaɗan. Wato har a wajen rufa asiri ma sai da mutumin nan ya fi shi.

Ya ɗauki hutu a ofis. Kullum da hantsi, lokacin da maganin Basil yake sake shi, sai su yi aiki na kamar awa ɗaya. Neville ya yanke bindigogi, ya tsoma hannaye a ruwan zafi, ya lanƙwasa su yadda aka ce masa, ya sha faɗa.

"Ba haka ba. Gadon majinyaci yake ɗauke da shi, ba rawa yake yi ba."

"To ai haka yake a hoton."

"A hotonka."

Ranar Asabar 'yan ƙungiya suka zo dubiya, su biyar, suka cika falon da warin man gashi da surutu. Faizel ya kawo samosa, ya kuma cinye rabi da kansa. Kobus, tun kafin ya gama gaisuwa, ya hango sojojin uku a kan faranti.

"Su ne? Har sun iso?" Ya cafki ɗaya, ya juya ƙarƙashinsa. "Ka gani ko! Ko shekarar ma ba su buga ba, kunya suke ji." Ya kai shi wajen taga, ya kanne ido ɗaya. "Me na gaya muku? Dubi fuskar nan. Sabulu! Dubi igiyar takalmin, duk ta narke. Wanda ya taɓa riƙe na asali ba zai ko kalli wannan ba."

"Gaskiyarka, Kobus," in ji Basil. "Ai ido irin naka sai an tona."

Kobus ya gyara tsayuwa. Basil ya fara dariya, dariyar ta koma tari, sai da Doreen ta kore su duka waje.

Fentin kaya Neville ya yi: gajeren wando, safa, hular kwano. Fuska kuwa Basil ya ce ba mai taɓa masa. Amma hannun ya riga ya tafi, burushin sai kaɗawa yake kamar ganye. Suka gwada matashi, suka gwada littafi, a ƙarshe Basil ya ce, "Kawo hannunka nan." Neville ya durƙusa a gefen gadon, ya kafa gwiwar hannu a katifa, ya riƙe sojan a kan murfin kwalba da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma Basil ya ɗora wuyan hannunsa a kai. Ba nauyi ko kaɗan, kamar an ɗora masa cokali.

Bai taɓa ganin aikin kusa haka ba. Ya ga an shafa launin fata, an sa duhu ƙarƙashin hular, an ɗiga haske a kan hanci da haɓa. Ya jira a zo kan ido. Basil ya ja wani siririn layi mai ruwan ƙasa a kowane gefe, ya ajiye burushin.

"Saura idon," in ji Neville.

"An gama."

"Ina farin? Ina baƙin?"

"Je ka bakin ƙofa ka dubi mutumin da ke tsallaken titi. Kana ganin farin idonsa? Inuwa kawai kake gani. Ni ban taɓa yi wa soja ido ba."

Neville ya dubi Kofur Swarts. Kofur Swarts ya dube shi, a gajiye, ba shi da ido ko ɗaya.

"Shekara ashirin ina ɗiga musu ido da allura. Me ya hana ka gaya min?"

"Ka taɓa tambaya?" Basil ya lumshe ido, yana numfashi da ƙyar. "Kullum sai dai ka zo ka tsaya kana kallo kamar an ci maka abinci."

Kofur ya ci musu kwana huɗu. Direban ya ci shida, don akwai ranakun da Basil bai farka sosai ba. Ranar da suka gama shi, Basil ya daɗe yana kallon hannunsa a kan bargo.

"Da hannuna na shekara goma baya ne," in ji shi, "kwana biyu sun ishe ni duka ukun."

Ba da faɗa ya faɗa ba, kamar dai mai ba da labarin ruwan sama. Neville ya buɗe baki.

"Basil, ni ne na..."

"Rufe kwalbar nan kafin ta bushe. Gobe sai baƙon namu."

Washegari Alhamis, Neville ya wanke na ukun da ruwan sabulu, ya kafa shi a murfin kwalba, ya tsallaka da hantsi kamar kullum. Ya tarar Doreen ta buɗe labule, tana zaune a bakin gadon tana shafa wa mijinta man leɓe da ɗan yatsa. Basil ya buɗe ido, ya dubi abin da ke hannun Neville.

"Ka lanƙwasa kafaɗar?"

"Na lanƙwasa."

"Ta yi yawa."

Neville ya durƙusa, ya kafa gwiwar hannu, ya miƙa ɗaya hannun. Basil ya ɗora nasa a kai. Doreen ta sa masa burushin tsakanin yatsu, ta riƙe masa kwalbar. Suka jira ya tsoma. Motar kwasar shara ta wuce, karnukan layin suka bi ta da haushi har kwana. Neville yana nan durƙushe, gwiwarsa ta fara ciwo, yana jin tsoron motsawa kada ya girgiza masa hannu. Sai da Doreen ta miƙa hannu ta kashe tukunyar iskar sannan ya gane.

An yi jana'izar ranar Asabar ta sama. Bayan an dawo daga maƙabarta aka taru a zauren coci shan shayi, aka ɗora allon a kan teburi kusa da hoton, mutane suna ta sunkuyawa suna kallo. Wata tsohuwa ta gane kawunta a cikinsu, ta fashe da kuka. Mutum goma sha uku da fuskokinsu, sai na ƙarshe a gefen dama, launin yashi tun daga hula har takalmi, a tsaye cikin da'irar fensir.

Neville ya sami Doreen a wajen tukunyar shayi. Ya yi ta juya kofinsa kafin ya yi magana.

"Na ƙarshen nan, in kin yarda, zan iya ƙarasa shi. Yanzu na san yadda ake yi."

Doreen ta dube shi, idanunta sun kumbura, amma sai da gefen bakinta ya motsa.

"Ya san za ka ce haka. Tun ranar Talata ya bar min saƙo. Ya ce in bai kai ba, a bar shi yadda yake. Ya ce, 'Musamman Na Biyu, kada ki bari ya taɓa masa fuska.'"

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Ya kuma ce kai za ka mai da allon gida, don kai kaɗai ne ba za ka yar da shi ba."

Da aka watse, Glenda ta karɓi makullin motar. Neville ya shiga baya, aka ɗora masa allon a cinya. Suna fita daga harabar cocin tayar ta faɗa wani rami, na goma sha huɗun ya tuntsure a kan yashin, don ba a kai ga sa masa gam ba. Neville ya ɗaga shi, ya mai da shi cikin da'irarsa, ya ɗora ɗan yatsa a kan hular kwanon.

"Ki tafi a hankali," in ji shi.

Glenda ta dube shi ta madubi, ta rage gudu. Haka suka bi layin har gida, motoci suna wuce su, shi kuma yatsansa na kan hular.